Maharbin Da Ya Aika Da Zaki

Makon jiya a makarantarmu ta nan Getso muka ba yara wani ɗan labari na Turanci, muka ce su juya shi da Hausa. Labarin wani maharbi ne da ya harbi zaki ya ji masa ciwo, sa'an nan aka ce ya yi masa abin nan da Turawa ke kira "dispatch". Galibinsu suka rubuta, "Maharbi ya aika da zaki." Muka ce, to, wurin wa ya aika da shi, ta gidan waya ko a mota? Aji ya kece da dariya.

Amma fa laifin ba na yara ba ne, namu ne, mu malamai. Mu ne muka saba musu da jerin kalmomi a bayan littafi, ta Turanci a hagu, ta Hausa guda ɗaya tak a dama, sai ka ce kowace kalma ɗaki ɗaya gare ta. Wannan hanya ita muke kuka da ita.

Ku duba wannan kalma. Ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 16, daga bakin mutanen Italiya ko na Sifen. Ma'anarta ta fari ita ce aikawa da wasiƙa, ko kaya, ko soja. Ta biyu, saƙon kansa, musamman na hukuma. Da rundunar Kanar Morland ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, rahoton da Gwamna Lugga ya aika Landan haka ake kiransa. Sojojinmu kuma da suka yi yaƙi a Bama daga 1943 zuwa 1945, in aka ce an ambaci wani a cikin irin wannan rahoto, watau an yaba jaruntakarsa ke nan. Ta uku, hanzari. Ta huɗu, gama aiki ko cinye abinci nan da nan. Ta biyar, kisa.

Kada ku ce Turanci ya faye rikici. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka biyar: kawar da abu daga gabanka ba tare da jinkiri ba. Hausa ma haka take yi. In aka ce an sallami mutum daga asibiti, murna ce. In daga aiki aka sallame shi, baƙin ciki ne. In kuwa mai akuya a kasuwar Getso ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga yadda yake bin kalma ɗaya da misalai iri iri, domin ya san ba ta zama wuri ɗaya.

Abin ba na dariya ba ne kaɗai. A cikinku akwai wanda gobe zai zama tafinta gaban alƙali. In shaida ya ce an kashe mutum, tafinta ya ce an aike shi, ina makomar shari'a? Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, kafin ku juya kalma ku karanta jimlar duka, ku tambayi kanku wa ya yi, me aka yi wa, a wane hali. Zaki mai rauni ba a aika shi ko'ina, ƙarasa shi ake yi. Yaranmu ma sun kusa dacewa, kalma ɗaya ta rage musu. Da sun ce maharbi ya aika da zaki lahira, da mun ba su maki cikakke.