Seizo Fukumoto, Gwanin Faɗuwa a Bakin Takobi

A birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai unguwar da ake kira Uzumasa, inda kamfanin Toei yake da babban sansaninsa na shirya fina-finai. Can wani yaro ɗan shekara 15 daga lardin Hyogo ya je neman abin yi a ƙarshen shekarun 1950. Shi ne wanda duniya ta sani da suna Seizo Fukumoto, haifaffen 1943. Ya yi wajen shekara 60 yana cin abinci da aiki guda: jarumin fim ya sare shi da takobi, shi kuma ya faɗi matacce. Japanawa suna kiran mai wannan sana'a kirareyaku, wato ɗan wasan da rabonsa shi ne a sare shi, kuma sun yi wa Fukumoto laƙabi da mutumin da aka sara sau 50,000.

Mai kallo zai ɗauka faɗuwa ba ta bukatar koyo. To bari mu bi aikin daki-daki.

Farkonsa a ɗakin kwalliya ne, tun da sassafe. Fina-finan zamanin samurai, waɗanda ake kira jidaigeki, suna bukatar irin askin mutanen da. Sai a ɗaure kan ɗan wasa da wani ƙyallen siliki mai suna habutae, a shafe gefensa da hoda har ya saje da fata, sannan a ɗora hular gashi a kai. Dole ta zauna daram, domin mai ita zai yi ta kifewa a ƙasa. Fukumoto siriri ne, kumatunsa a lotse, idanunsa a zurme, saboda haka ya dace da matsayin ronin, samurai marar ubangida da ke sayar da takobinsa ga azzalumin attajiri ko mugun hakimi. Da ya bayyana a bayan mugu, masu kallo sun san an zo wurin.

Sai takobin. A yawancin faɗan ba ƙarfe ake riƙewa ba. Abin da ke hannunsu takemitsu ne, ruwan takobi na itace da aka lulluɓe da siririyar takarda mai ƙyalli. Akwai kuma na ƙarfe marar nauyi da ba shi da kaifi, wanda ake fitowa da shi idan kyamara za ta matso kusa. A nan wahalar farko take. Itacen ba shi da nauyi, amma wajibi ne mai kallo ya ga nauyin ƙarfe a hannun mai riƙe da shi. Gwani yana sauke ƙugunsa, ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi, ya bar sara ya taso daga ƙugu ya bi ta kafaɗa, sannan ya tsayar da takobin cak a inda saran ya ƙare. Wanda bai ba abin lokacinsa ba da wuyan hannu kawai yake kaɗa shi, kuma ko yaro ya gani ya san sanda ce.

Faɗan kansa sunansa tate, mai tsara shi kuma tateshi. Shi ne zai tsaya a fili ya rarraba motsi: kai ka shigo ta dama, ya kare, ya juya, kai kuma ka taso ta baya, ya sare ka. A wasannin talabijin da ake fitarwa mako-mako babu lokacin dogon gwaji. Ana nuna tsarin, a bi shi a hankali, a ɗauka. Jarumin da ke tsakiya ana ce masa shin, masu kewaye shi suna kawo hari kuwa karami. Matsayinsu kamar na 'yan amshi ne a gaban mawaƙi: sunan nasa ne, amma in suka shigo a makare ko suka riga shi, waƙar ta watse. Kafin kowane karami ya afka sai ya yi kururuwa. Mai kallo yana jin ta a matsayin fushin maƙiyi, alhali sanarwa ce ga jarumi cewa ga ni nan tafe ta wannan ɓangaren, musamman idan ta bayansa za a zo.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan shi ne lissafin tazara. A ƙa'ida takobin ba ya taɓa jiki. Yana wucewa ne ta iska, kyamara kuma an ajiye ta a kusurwar da za ta ɓoye ratar da ke tsakani. Ke nan wanda za a sara yana riƙe da abu uku a kansa lokaci guda: inda jarumi yake, inda idon kyamara yake, da inda sauran abokan faɗa za su taka. In ya matso da yawa, itacen zai same shi a fuska, ko nasa ya sami jarumin, wanda raunin da zai ji yana iya tsayar da aikin kamfani gaba ɗaya. In ya yi nisa, ratar ta fito, ƙarya ta bayyana. Haka kuma ba zai tsaya tsakanin jarumi da kyamara ba. Wani lokaci jarumin ne zai kuskure taku, sai karami ya gyara nasa takun a cikin ƙiftawar ido, ya kai jikinsa inda takobin zai bi, yadda kuskuren ba zai taɓa fitowa ba.

Ƙarar tsagewar nama da muke ji daga baya ake sa ta, al'adar da ta yaɗu bayan fim ɗin Yojimbo na Akira Kurosawa a 1961. A filin ɗauka babu wannan ƙara. Jikin wanda aka sara ne kaɗai zai shaida cewa takobin yana da kaifi, kuma kowane sara da amsarsa. Kesagiri yana saukowa a karkace daga kafaɗa zuwa ɗaya gefen ƙugu, don haka jiki zai murɗa ya bi hanyar da ruwan takobin ya bi. Saran ciki yana naɗe mutum gaba. A shirin Abarenbo Shogun, wanda aka fara a 1978 tare da Ken Matsudaira, jarumin yakan juya takobinsa ya yi duka da bayansa marar kaifi, abin da ake kira mineuchi. Wanda aka yi wa wannan bai mutu ba, suma ya yi, kuma tilas faɗuwarsa ta bambanta da ta wanda aka tsaga. Fukumoto ya yi ta fitowa a wannan shiri da kuma Mito Komon, wanda aka yi ta nunawa daga 1969 zuwa 2011, yau ɗan fashi, gobe mai gadin mugu.

Sannan lokaci. In ɗan wasa ya amsa kafin takobi ya iso, abin dariya ne. In ya makara, saran ya mutu. Gwani yana ɗan daskarewa na ɗan lokaci ƙanƙani bayan wucewar takobin, kamar jiki bai riga ya gane abin da ya same shi ba, sannan zafin ya hau fuska, sannan ƙafafu su saki.

A nan ne Fukumoto ya kafa tambarinsa, faɗuwar da ake kira ebizori, wato lanƙwasar jatan lande. Idan aka sare shi sai ya juya, ya gantsare baya, ƙirji sama, kai ya yi ƙasa har fuskarsa ta koma tana kallon kyamara a kife, ya riƙe haka gwargwadon abin da ƙashin baya zai iya ɗauka, sannan ya zube da bayansa. Ya faɗa cewa daga kallon yadda Charlie Chaplin yake faɗuwa da gaske, ba tare da tausaya wa jikinsa ba, ya ɗauki darasin. Dubi abin da wannan faɗuwa take bukata: ƙarfin cinya da na ciki da za su riƙe jiki a gantsare, sanin abin da ke ƙasa ba tare da an waiwaya ba, da dabarar kare ƙeya a daidai lokacin isa ƙasa. Amfaninta biyu ne. Tana sa saran jarumi ya zama abin tsoro, tana kuma ba ɗan wasan da sunansa ke can ƙasan jerin sunaye damar a ga fuskarsa na daƙiƙa biyu ko uku. A ganina wannan halal ɗinsa ne, domin bai ƙwaci komai daga jarumin ba, ƙara masa kwarjini ya yi.

Ko bayan an kai ƙasa da sauran aiki. Gawa ba ta numfashi, ga shi mutum ya gama tsalle da gudu, ƙirji yana neman iska. Sai ya danne, ya hana ido motsi, ya kuma tabbata ya faɗi inda ba za a taka shi ba, tunda faɗan bai ƙare ba. Da yawa sun zauna a babban ɗakin da ƙananan 'yan wasa ke jiran kira, suka ɗauki irin wannan fitowa a matsayin abin da za a yi a karɓi kuɗin yini a tafi. Fukumoto kuwa ya zauna yana nazarin yadda kowane mugu ya kamata ya mutu.

Yana da shekara 60 aka gan shi a fim ɗin Amurka The Last Samurai na 2003, a matsayin samurai marar magana da ke gadin Tom Cruise. A 2014 ya ja ragamar fim karo na farko, Uzumasa Limelight na darakta Ken Ochiai, inda ya fito a tsohon kirareyaku da ke koya wa wata matashiya riƙon takobi a lokacin da kasuwar fina-finan samurai take ja da baya. Wannan ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Fantasia a Montreal ta ƙasar Kanada. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2021, yana da shekara 77, sakamakon ciwon dajin huhu. Fim ɗin A Samurai in Time na 2024, labarin samurai na gaske da ya tsinci kansa a zamaninmu ya koma sana'ar kirareyaku, an sadaukar da shi ne ga Fukumoto, kuma fim ɗin ne ya lashe kyautar gwarzon fim ta Japan Academy a 2025.