Sikawut da Zaɓen Tsara: Amsa ga Masu Cewa Fareti Ne Kawai

Duk lokacin da aka ambaci sikawut a ɗakin malamai ko a majalisar dattawa a Daura, ba a rasa wanda zai taɓe baki ya ce wasan 'ya'yan Turawa ne, gajeren wando da ƙyallen wuya da busa usur. Wani ya ce ga 'yan agaji nan birjik, me ya rage da sikawut zai yi? Wani kuma ya ce yaron da ubansa ke jiransa a gona ko a kasuwar Mai'aduwa ba shi da lokacin koyon ƙulla igiya. Masu wannan hukunci kaki suka gani suka yanke shi. Abin da ya sa sikawut ya shekara fiye da ɗari yana raye, har mabiyansa a duniya suka haura miliyan 50, yana cikin yadda yake fitar da jagora daga cikin yara, kuma a nan ne nake so mu tsaya.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. Baden-Powell, sojan Ingila da ya yi yaƙin Asante a 1895 kuma ya tsare garin Mafeking a Afirka ta Kudu, ya kai yara kusan ashirin zango a tsibirin Brownsea a 1907, ya fitar da littafinsa a 1908. Harkar ta shigo Nijeriya a 1915, ƙasar ta shiga ƙungiyar sikawut ta duniya a 1961. A Arewa ta bi ta makarantun boko, shi ya sa ta gaji duk zargin da ake yi wa boko. Amma batun cewa gadon Nasara ne ya daɗe da faɗuwa. A Aljeriya 'yan sikawut Musulmi na cikin waɗanda suka yi wa Faransa turjiya, kuma matashin da aka harbe yana riƙe da tuta a Setif ranar 8 ga Mayu 1945, Bouzid Saal, ɗan sikawut ne. Alhazan Daura da suka taɓa ɓacewa a Mina sun san su waye matasan nan masu ƙyallen wuya da ke riƙo hannun tsoho su mayar da shi tantinsa. Wannan ya ishi mai wancan zargi.

Zargi na biyu ya fi nauyi, wato cewa 'yan agaji sun riga sun rufe gurbin. Babu mai musun aikinsu. Je ka filin idi, ko wurin tafsirin Ramadan, ko taron Maulidi, ko ranar hawan Sallar Gani lokacin da garin Daura ke cika ya batse, za ka ga 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suna gyara sahu, suna buɗe wa mata hanya, suna ɗauke wanda rana ta kayar. Akwai kuma 'yan Man O' War, waɗanda asalinsu ya koma wata cibiyar horo da Alec Dickson ya buɗe a 1951, kuma har yau akwai sansaninsu a duwatsun Shere da ke Jos. Duk waɗannan sun iya hidima. Sai dai mu tambayi kanmu: a cikinsu, wa ke naɗa kwamanda? Amsar a mafi yawan lokuta ita ce na sama. Girma yana saukowa ne daga shugaban reshe zuwa ƙasa, yaro kuwa aikinsa ya ƙame ya ce to. Irin wannan tsari yana samar da mabiya nagari. Shugaba kuwa sai dai a dace.

Sikawut ya ɗauki wata hanya. Ana raba yara rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane rukuni da jagoransa, kuma jagoran yaro ne irinsu. Shi ke raba aiki a zango: wane ya nemo itace, wane ya ɗebo ruwa, wane ya kafa tanti. Idan tuwo ya ƙone, shi za a tambaya. Malami yana gefe, ido nasa ne, amma bakinsa a rufe sai in abu zai kai ga haɗari. Wanda bai taɓa ganin ɗan shekara goma sha uku yana lallashin abokinsa da ya ƙi wanke tukunya ba, ba tare da bulala ba, ba tare da ikon kora ba, bai san inda ake koyon shugabanci ba.

A Amurka an ɗora wani abu a kan wannan, kuma shi ne ya fi burge ni a duk harkar. A 1915, shekarar da sikawut ya iso ƙasarmu, wasu jagororin zango biyu, Urner Goodman da Carroll Edson, suka kafa wata ƙungiyar girmamawa a zangon Treasure Island kusa da Filadelfiya. Ita ce Order of the Arrow, alamarta farar ɗamara mai jar kibiya. Ƙa'idar shigarta ce abin nazari. Yaro ba ya neman shiga. Malami ba ya naɗa shi. 'Yan ƙungiyar ma ba su ke zaɓo wanda zai shigo cikinsu ba. Waɗanda ke zaɓe su ne 'yan runduna ɗaya da yaron, 'yan ƙasa da shekara 21, kuma akasarinsu ba 'yan ƙungiyar ba ne. Aikin malami shi ne ya tabbatar yaron ya kai matakin da ake buƙata kuma ya yi kwana 15 a zango. Daga nan kowa ya rubuta a ɓoye sunayen waɗanda yake ganin sun cancanta, ko ɗaya ko da yawa, kuma duk wanda sunansa ya fito a aƙalla rabin takardun ya ci.

A duba wannan ƙa'ida sannu a hankali, domin kowane sashe nata yana toshe wata ƙofa da muka sani. Da malami ne ke zaɓe, da yaron da ya iya gaisuwa da ɗaukar jaka ya ci, domin malami yana ganin fuskar da aka nuna masa ne. Da 'yan ƙungiya ne ke zaɓe, da abin ya zama na 'yan gida, kowa ya jawo ƙanensa da ɗan unguwarsu. Amma ƙaramin yaron da ya shigo bara, wanda takalminsa ya tsinke a hanya, ya san wanda ya tsaya ya jira shi da wanda ya wuce yana dariya. Ya san wanda ya tashi da asuba ya hura wuta alhali ba ranarsa ba ce. Shaidarsa ta fi ta malami inganci domin shi ba a yi masa riya. Babu abin da za a samu a wurinsa. Sannan tunda ba kujera ɗaya ake takara a kai ba, nasarar wani ba faɗuwar wani ba ce, don haka babu dalilin ɓata suna ko raba alewa. Rundunar da ke da yara biyar na kirki za ta iya fitar da su duka. Wadda ba ta da ko ɗaya za ta iya tashi ba ta zaɓi kowa ba.

Abin da ke biyo bayan zaɓen ya fi zaɓen ma ban sha'awa. A wurinmu idan an girmama mutum, kujera ake ba shi a inuwa. A can kuwa, wanda aka zaɓa sai ya kwana shi kaɗai a fili, ya wuni bai yi magana ba, abinci ɗan kaɗan, ga aikin ƙarfi: gyaran hanyar zango, share daji, ɗaukar kaya. Sai ya gama wannan a rataya masa ɗamarar. Ladan hidima ke nan ƙarin hidima. Mataki na ƙoli a ƙungiyar kuma ba a nemansa ko kaɗan, sai dai wasu su gabatar da sunan mutum bayan ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki. Shugabannin rassa duk matasa ne 'yan ƙasa da 21, manya masu ba da shawara ne kawai. Ƙungiyar tana da nata aibin, musamman aron tufafi da al'adun Indiyawan Amurka da ta daɗe tana yi a bukukuwanta, abin da ya jawo mata suka mai tushe. Wannan nasu ne, babu abin da ya haɗa mu da shi. Ƙa'idar zaɓen ce abin ɗauka.

Na ce abin ɗauka, amma a gaskiya abin maidowa ne, domin ƙasar Hausa ta san wannan tsari tun kafin a haifi Baden-Powell. Sarkin samari fa? A ƙauyukanmu samari ne ke fitar da shi daga cikinsu, mai gari ya sa albarka. Yana da nasa Galadiman da nasa Madakin, 'yan mata su ma da tasu shugabar. Baba ta Karo ta ba da labarin irin waɗannan sarautu na yara a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954, kuma tsofaffin Baure da Zango da Sandamu ba sa buƙatar littafi kafin su tuna. Babban filin jarrabawar sarkin samari shi ne gayya. A sanar da rana, a kira makaɗa, mai gona ya tanadi fura da tuwo, samari su jeru kowa da kunyarsa. A nan ne ake gane mutum. Akwai mai ƙarfi da zai fita kunyarsa ya zauna yana jiran kirari. Akwai kuma wanda idan ya fita sai ya juyo ya tari kunyar wanda aka bari a baya, su haɗe a tsakiya. Makaɗi na farkon yake wasawa, amma samari na biyun suke bi. Abin da takardar zaɓen can Amurka ke ƙoƙarin kamawa ke nan: ilimin da tsara ke da shi a kan tsara, wanda babba ba ya iya gani daga gindin bishiya.

Maƙwabtanmu na tsallaken Kwangwalam sun gwada raya wannan gado da ƙarfin gwamnati. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974, ya farfaɗo da samariya, ya mai da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya. An gina ajujuwa, an share garuruwa, an yi wasanni da bukukuwa, kuma mutanen Damagaram da Maraɗi har yau suna tuna wancan zamani. Amma da yake igiyar tana hannun hukuma, samariya ta zama bakin gwamnati a unguwa, kuma ba ta daɗe da ƙarfinta ba bayan rasuwar Kountché a 1987. Darasin a fili yake ga duk mai son kafa wa matasa ƙungiya daga ofis. Hidimar ƙasa da aka kafa mana a 1973 ma, duk da amfaninta, tana kama matashi ne bayan ya gama jami'a, lokacin da halinsa ya riga ya kafu, kuma dole ce ta kai shi.

Dole in faɗi gaskiya a kan 'yan sikawut ɗinmu su ma, domin su suka ba masu suka makami. A makarantu da dama abin da ya rage shi ne fareti. Na ga wata makaranta, ba sai na kama suna ba, inda ake fito da kakin daga akwati mako guda kafin zuwan babban baƙo, a koya wa yara taku, a ɗauki hoto, a mayar da kakin. Jagoran rukuni kuwa shi ne wanda ya fi tsawo, ko ɗan malami. Babu zango, babu girki, babu ranar da aka bar yara su yanke shawara su ga sakamakonta. Wanda ya kalli wannan ya ce wasa ne bai yi ƙarya ba. Wasu za su ce rashin tsaro ne ya hana kwana a daji, kuma a jihar Katsina ba a wasa da wannan dalili. Amma zango ba sai a daji ba. Harabar makaranta mai katanga ta isa yara su kwana, su dafa, su yi gadi bi-da-bi, iyaye na da tabbacin inda suke.

Aikin yi kuwa bai yi ƙaranci ba a wannan masarauta. Bayan an tashi daga idi, filin yana cika da ledar ruwa, kuma masu usur sun riga sun bi ayarin Sarki. Akwai magudanan da ke toshewa kafin damina. Akwai dashen itatuwa a ƙasar da hamada ke leƙowa, wanda kowa ya san dasawa ba ta da wuya, ban ruwa a watan Maris ne ke raba mai hidima da mai hoto. Akwai baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu da ke buƙatar matashi mai ladabi da ya san labarin Bayajida da Daurama ya kuma iya faɗinsa. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa a auna yaro da shi, in dai 'yan uwansa ne za su yi awon.

Don haka shawarata ga shugabannin makarantun Daura da jagororin sikawut, har da kwamandojin agaji in sun yarda, ba ta cin ko sisi. A ƙarshen kowane zangon karatu a raba wa yara takarda, a ce kowa ya rubuta sunayen waɗanda ya ga sun yi wa jama'a aiki ba a sa su ba. Kada malami ya jefa tasa, kada a yarda da yaƙin neman zaɓe. Waɗanda suka fito a ba su aiki mafi wuya na wannan shekarar, sannan a kai su fada a gabatar da su ga hakimi ko ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya sa musu albarka kamar yadda mai gari ke yi wa sarkin samari. Malamin da ke shakkar cewa yara za su iya wannan zaɓe ya gwada sau ɗaya, ya kwatanta sunayen da suka fitar da waɗanda shi ya yi niyyar naɗawa.