Tashar Kano ta saurara, amma ina aka harba rokar?

Wataƙila kai ma ka taɓa cin karo da rubutun nan da ke yawo a Facebook, wai "NASA ta taɓa harba roka daga Kano". Wani abokina a Madobi ya turo min shi yana ta murna. Ban ji daɗin rage masa jin daɗi ba, amma maganar ba haka take ba.

Abin da ya faru shi ne, Amurka ta kafa tasha a Kano cikin shirin Mercury domin bin sawun kumbo. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ke zagaya duniya, Kano na cikin tashoshin da suka yi magana da shi. Kunne ce, ba bindiga ba. Roka kuwa daga Florida ta tashi.

In kana neman filin gwajin makamai masu linzami na gaske a yankinmu, sai ka haura Sahara, zuwa Hammaguir a Aljeriya, kimanin kilomita 120 daga Colomb-Béchar. Sojojin Faransa ne suka buɗe cibiyar gwajin a 1947. Daga nan aka harba mage Félicette a 1963, ta kuma dawo da rai. Daga nan rokar Diamant ta ɗauki tauraron ɗan'adam Astérix ranar 26 ga Nuwamba 1965, Faransa ta zama ƙasa ta uku da ta kai nata tauraro da nata roka.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ba da wannan tarihin. Kullum mage da tauraro ake sa gaba, kamar dai aikin kimiyya zalla ne. Alhali Diamant 'yar gidan soja ce: daga gwaje-gwajen makami mai ɗaukar nukiliya aka haife ta. Sannan sai a ce an zaɓi wurin ne saboda "fili ne babu kowa". To, filin gwaji na buƙatar doguwar hanyar da ɓaraguzan roka za su faɗo, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya san makiyaya ya san rashin gini ba ya nufin rashin mutane. Ko a Kadawa, fegin da ka ga babu shuka yana da mai shi.

Lura da shekarun kuma. Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, amma yarjejeniyar Evian ta bar wa Faransa filin har 1967. Wato daga ƙasar wasu aka harba Astérix.

Su kakanninmu ba su ɗauki Sahara a matsayin fanko ba. Bayan gwajin bam na nukiliya na uku a Reggane, wani fili daban a kudancin Aljeriya, gwamnatin Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Wannan ne ban taɓa gani ana yaɗawa a Facebook ba.