Maye ko Ɗan Jam'iyya? Nazari a kan Wasan The Crucible na Arthur Miller

Wasan kwaikwayon nan na Arthur Miller, The Crucible, wanda aka fara nunawa a birnin Niyok cikin Janairu 1953, in an zo bayyana shi da Hausa akan ce labarin mayu ne. Wannan fassara ita nake so in yi wa gardama, gama a ganina kalma guda, watau "maye", ta isa ta karkatad da fahimtar wasan duka.

Asalin labarin ya faru ne a 1692, a ƙauyen Salem na ƙasar Masacusets, cikin jama'ar da ake kira Furitan. Mutane ne da suka baro Ingila tun wajen 1630 don su tsarkake addinin Kirista daga abin da suke gani bidi'a ce, suka kafa garuruwa inda ƙin zuwa coci ran Lahadi laifi ne a gaban hukuma. A farkon shekaran nan 'yar limaminsu, Samuel Parris, da wata yarinya da yake riƙo, Abigail Williams, suka kama faɗuwa da kururuwa, suka ambaci mata uku, cikinsu har da Tituba, baiwar gidan. Kafin ƙarshen Satumba an rataye mutum 19, an danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu don ya ƙi amsa tuhuma, an kuma tsare fiye da mutum 150. Sai a Oktoba Gwamna Phips ya rushe kotun.

Ɗalibin da ya tashi a Danja ko ƙauyukan Malumfashi ba zai ga baƙon abu a farkon labarin ba. Ya san yadda yaro yakan kwanta da zazzaɓin damina, ya shiga sambatu, ya kama sunan wata tsohuwa, sa'an nan a ce ta kama kurwarsa, a taso ta ta tsallake shi. Shaidar iri ɗaya ce da ta Salem: abin da majinyaci ya ce ya gani, wanda ba mai iya gani sai shi. Zargin da aka yi wa Thomas Putnam a cikin wasan kuma, cewa ƙasar maƙwabta yake haƙo, ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san darajar fadamar rake da tumatir. Amma fa iyakar kamancin ke nan.

A duba kalmomin. Hausa ta raba abin da Ingilishi ya haɗa cikin kalma guda. Sammu aiki ne da ake biyan boka ya yi da magani. Bori mu'amala ce da iskoki. Maita kuwa, a faɗar masu faɗa, aba ce da ke cikin cikin mutum, ƙanƙara, wadda akan gada ko a saya, laifin maye kuma kwaɗayi ne, watau cin kurwa. Babu ɗaya cikin ukun nan da ya dogara ga ƙulla alkawari da Shaiɗan. Wanda aka tuhuma a Salem kuwa, cewa aka yi ya sa hannu a littafin Shaiɗan, yana halartar taron dare, kuma nufin taron shi ne a rushe coci da mulkin da ke bisansa. Wannan ya fi kusa da ridda haɗe da cin amanar ƙasa. Mayen Hausa ba shi da rajista, ba shi da manufa game da mulki. Ko Sarkin Mayu da ake naɗawa a waɗansu garuruwa, a sarari yake, aikinsa ƙwato kurwa ne.

Daga nan bambanci mafi girma ya fito. Abin da ake nema wurin maye shi ne ya saki. In majinyaci ya tashi magana ta lafa, ko da yake tabon yakan bi zuriyar har wajen neman aure. Abin da kotun Salem ta nema kuwa sunaye ne. Wanda ya amsa laifi ya ambaci abokan taro yakan tsira da ransa, wanda ya dage a kan cewa bai yi ba shi ake ratayewa. Kowace amsa sai ta haifi sababbin tuhume-tuhume. A kan wannan Miller ya gina wasansa, ba a kan tsoron dare ba, shi ya sa ƙarshen John Proctor ya rataya ga takarda da sa hannu.

Dalili kuwa a fili yake. A Fabrairu 1950 Sanata Joseph McCarthy ya ce yana riƙe da sunayen 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Wani kwamiti na Majalisar Wakilai, wanda ba McCarthy ke shugabanta ba ko da yake akan gama su, yana kiran marubuta da 'yan fim yana tambayarsu sunayen waɗanda suka gani a taro. Elia Kazan, abokin aikin Miller, ya ba da sunaye a 1952. Shi Miller da aka kira shi a 1956 ya ƙi, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

To, in malami yana neman takwaran wannan a ƙasar Hausa, ba gidan mayya zai dosa ba. A nan Nijeriya akwai abin da ya sami 'yan NEPU bayan kafa ta a Kano a 1950: ɗauri da bulala a kotunan alƙalan En'e, da jifa da kalmar kafirci. Amma wanda ya fi dacewa yana ƙetaren iyaka, a Nijar. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, mai ƙarfi a Maraɗi da Damagaram, ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ta rasa mulki, aka haramta ta a 1959. Gwamnatin Diori Hamani ta riƙa kiran 'ya'yanta 'yan kwaminis. Bayan farmakin da 'yan Sawaba suka kawo a ƙarshen 1964, da gurnetin da aka jefa wa Diori a filin idi cikin Afrilu 1965, an harbe waɗansu a bainar jama'a, an cika gidajen yari, aka kuma matsa wa waɗanda aka kama su faɗi wanda ya ba su masauki da wanda ya ba su tuwo. Klaas van Walraven ya tattara labarin a littafinsa na 2013.

Misalin Nijar shi ne kuma ya tona raunin wasan. 'Yan Sawaba da gaske sun ɗauki bindiga, waɗansunsu sun sami horo a ƙasar Sin, kamar yadda Amurka take da 'yan kwaminis na ainihi. A Salem kuwa ba wanda ya taɓa ganin littafin Shaiɗan. Saboda haka Miller ya sauƙaƙa wa kansa aiki: mai kallo ya san duk wanda aka kama ba shi da laifi. Tambayar da ta fi wuya, watau haƙƙin wanda ake tuhuma sa'ad da abin tsoron gaskiya ne, bai taɓa ta ba. Rauni na biyu ya fi damuna. Abigail ta tarihi shekarunta 11, Proctor kuwa wajen 60. Miller ya mai da ita 17, ya rage masa shekaru, ya ƙulla soyayya tsakaninsu. Ɗalibanmu, da suka saba da labarin kishi, nan da nan za su ce ai sharrin mace ne, su bar alƙalai su sha. Alhali wurin da wasan ya fi ƙarfi shi ne inda Danforth ya ƙi jinkirta rataya don kada a ce waɗanda aka riga aka rataye an zalunce su.

Duk wanda ya yi niyyar juya wasan zuwa Hausa, shawarata ya bar "maye" ga bakin 'yan ƙauye a fitowa ta fari, amma alƙalai su riƙa cewa "mai alkawari da Shaiɗan", don a ji lokacin da maganar ta tashi daga tsegumi ta zama tuhumar hukuma. Malamin aji kuma ya tuna cikin ɗalibansa ba za a rasa wanda aka taɓa kiran kakarsa mayya ba, ya kuma gaya musu cewa dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta mai da jifan mutum da maita laifi, daidai da iƙirarin yin ta.