Dillo a kan tsohuwar kwamfuta a Gadarif

Kwamfutar da ɗan yayata ya taho da ita daga Khartoum, lokacin da yaƙin Afrilun 2023 ya koro su zuwa Gadarif, ta tsufa tukuf. Windows 7 ce a cikinta, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Muka goge ta muka ɗora antiX, wani nau'in Linux da aka yi don irin waɗannan tsofaffin injuna. Ta farfaɗo. Amma da zarar an buɗe Firefox sai fanka ta kama gurnani, kowane shafi sai ka sha shayi kafin ya fito.

A nan Dillo ya shigo. Wannan burauza ta samo asali ne a 1999 daga hannun Jorge Arellano Cid, ɗan ƙasar Chile. Bayan fitowa ta 3.0.5 a 2015 aikin ya yi tsit, har aka ɗauka ya mutu, sai Rodrigo Arias Mallo ya tashe shi da 3.1 a watan Mayun 2024. Sunan yakan tuna mini da dila, kuma wayon iri ɗaya ne: ba ya ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa.

Kayan da ya ƙi ɗauka shi ne JavaScript, wato 'yan umarnin da shafuka ke turo wa kwamfutarka ta yi musu aiki. Yawancin tallace-tallace da bidiyon da ke kunna kansu ta nan suke shigowa. Da aka rufe musu ƙofa, sai rubutu da hoto kawai suka rage. Wikipedia ta Hausa tana buɗewa nan take, ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, datar Zain ko Sudani kuma da kuɗin riɗi ake sayenta, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Akwai ma ɗan ma'auni a kusurwar ƙasa da ke ƙirga kurakuran da maginin shafi ya tafka. Ba ya amfana mini komai, amma ina son kallonsa.

Inda Dillo ya gaza kuwa a Sudan ciwon ya fi zafi. Larabci, da ake karantawa daga dama zuwa hagu, yakan fito masa a hargitse. Ɗalibin Jami'ar Gadarif mai neman darasi da Larabci ba zai yi haƙuri da haka ba. Facebook, YouTube da WhatsApp na kwamfuta kuma, kada ma ka gwada.

Don haka ba mu cire Firefox ba. Tana nan kamar babbar rigar Sallah, sai da dalili ake ɗauko ta. Karatun Hausa da Turanci na yau da kullum kuwa Dillo muka bar wa, batirin kuma yakan kai mu har bayan isha'i.