Ruwa a Matsayin Shamaki ko Shimfiɗa: Sharhi kan Dandamalin Bregenz da Teatro del Mondo

Tambayar farko da ke gaban mai zana gidan wasan kwaikwayo a bakin ruwa ita ce inda zai zaunar da ɗan kallo. Gine-gine biyu a Turai sun amsa ta ta hanyoyi mabambanta.

Bikin opera na Bregenz a ƙasar Ostiriya ya soma ne a 1946 a kan jiragen dakon tsakuwa guda biyu, ɗaya na 'yan wasa, ɗaya na makaɗa. A yau dandamalin yana cikin tafkin Konstans, 'yan kallo kusan 7,000 kuwa suna zaune a gaɓa. Wannan tazara ita ke tilasta wa masu ƙawata dandamali yin gini mai girman gaske. A wasan Carmen na 2017, Es Devlin ta fito da manyan hannaye biyu daga cikin tafkin suna watsa karta. Abin ya ƙayatar, amma mawaƙiyar da ke ɗauke da labarin ta koma 'yar mitsitsiya a gindinsu. Haka kuma makaɗa suna cikin zauren da ke gefe, sai lasifika ta kawo sautinsu. Ke nan ruwan ya zama shamaki, ana hangen sa ba a jin sa a jika.

Aldo Rossi ya bi wata hanya a birnin Benis a 1979. Teatro del Mondo hasumiya ce ta bututun ƙarfe da aka lulluɓe da katako, tsayinta kimanin mita 25, aka ɗora ta a kan jirgin dako, aka ɗaure a Punta della Dogana. Ɗan kallo yana cikin ginin tare da ɗan wasa, igiyar ruwa ɗaya ke girgiza su, ƙananan tagogi kuma suna shigo da birnin cikin wasan. A 1980 an ja ta har Dubrovnik.

Sai dai wannan kusanci yana da tsada. Mutane kaɗan ginin Rossi ke ɗauka, kuma an kwance shi a 1981, alhali Bregenz na cika kowane bazara. Duk da haka, idan manufa ita ce ɗan kallo ya tsunduma cikin wasa, girman kayan ƙawa ba ya biyan bukata. Abin da ke biya shi ne a ɗora mazauninsa a kan ruwan da ɗan wasa yake tsaye a kai.