Azumi, Kaka da Sallah: Kalandar Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Hausa

Wanda ya shiga Kano ko Katsina ko Maraɗi yana neman ginin da aka keɓe don wasan kwaikwayo, mai dandamali da labule da kujeru a jere, zai sha yawo. Irin waɗannan gine-gine ba su da yawa, kuma waɗanda ake da su sun fi ganin taron siyasa da liyafar biki. Daga nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa Bahaushe bai san wasan daɓe ba sai da Turawa suka kawo masa makaranta. Sun nemi abin a inda ba ya zama ne. Wasan kwaikwayon Bahaushe lokaci yake bi. Akwai watan da yake fitowa, akwai watan da yake komawa, kuma ƙungiyoyin da ke yin sa, tun daga yaran unguwa har zuwa manyan ƙungiyoyin birni, a kan wannan kalanda suka tashi.

Kalandar ma biyu ce. Ɗaya ta wata, mai ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ita ke kawo azumi da Sallah. Ɗaya ta noma, mai zaune daram, ita ke kawo kaka. Tashe na bin ta farko, shi ya sa yaro zai iya yin sa cikin sanyin hunturu, ya girma ya tarar ƙannensa na yin sa cikin ruwan damina. Kalankuwa na bin ta biyu, ba ta da wani lokaci sai an cire amfanin gona, rumbu ya cika, samari sun sami 'yan kuɗi a aljihu.

Tashe ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin a nan ne kusan kowane ɗan wasan Hausa ya fara koyon tsayuwa gaban mutane. Idan azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa an yi sallah, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya. Babu mai rubuta musu komai. Babba a cikinsu shi ke raba aiki: wane zai zama tsoho, a liƙa masa gemun auduga, a ba shi sanda, wane zai zama malami, a naɗa masa rawani, a cusa masa tsumma a ciki ya yi tumbi, sauran su yi amshi. 'Yan mata na da nasu, da ƙwarya da aka kifa a ruwa ana kaɗawa, wata ta sa rigar maza da hula ta zama ango, wata ta zama amarya, kamar yadda ake yi a Mairama da Daudu. A Jatau Mai Magani yaro ne ke rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle yana lissafa cututtukan da yake warkarwa. Gida-gida ake bi, a yi sallama, a yi wasa a tsakar gida ko a zaure, a karɓi hatsi ko kuɗi, a wuce. Wanda ya duba da idon nazari zai ga duk kayan aikin wasan kwaikwayo sun hallara: sutura, sauya murya, raba matsayi, mai ja da masu amshi, da 'yan kallo da ke biya gwargwadon yadda aka burge su.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne waɗanda ake kwaikwaya. Malami ne da aka kama yana rawa yana musantawa. Tsoho ne da ya ƙi yarda ya tsufa. Mai maganin da ke alkawarin warkar da komai. Miji da mata da ba su san haƙƙin juna ba. A ranar da ba ta tashe ba, yaron da ya tsaya a ƙofar gidan malamin unguwa yana kwaikwayon tafiyarsa zai sha bulala, iyayensa kuma su zo ba da haƙuri. A cikin waɗannan kwanaki ashirin kuwa malamin da kansa zai yi dariya ya sa hannu a aljihu. Lokacin ne ya ba da izini. Kowa ya san yaushe aka buɗe ƙofar, kowa ya san da ganin watan Sallah za a rufe ta, don haka babu mai jin an ci masa mutunci. A Kano abin har sarauta gare shi: Nalako, Sarkin Gwagware, yana fita da gangarsa da igiyarsa yana farautar mazan da suka rabu da matansu ba su sake aure ba, kuma har fada yake kai tashensa. Magidanci mai gemu a zagaya da shi ana masa waƙa, ba ya kai ƙara wurin alƙali, domin ya san watan da ake ciki.

Ba komai na tashe ne abin yabo ba. Akwai wasannin da dariyarsu ta dogara ga kwaikwayon hausar wata ƙabila ko tafiyar mai lalura, kuma ba kullum wanda ake kwaikwaya ke jin abin a matsayin barkwanci ba. Masu kukan al'ada ta lalace sukan tsallake wannan.

A karkara, kalankuwa ta ɗauki wannan izini ta kai shi kan masu mulki. Samari da 'yan matan ƙauyuka sukan taru bayan girbi su naɗa wa junansu muƙamai: sarki, waziri, alƙali, ɗan sanda, likita, har da muƙaman da zamanin Turawa ya kawo irin su gwamna da di'o. A kafa kotu, a kama mai laifi, a ci shi tara, a yi shari'ar da kowa ya gane wace shari'a ake nufi. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa, kowane da irin tafiyarsa da maganarsa, mai abin yana kallo. A Damagaram akwai wasan kara, inda ake ƙera bindigogi da na'urorin ɗaukar hoto da sauran kayan manya da karan dawa, a sami wanda ya yi kama da wani shugaba a shirya shi, a yi masa jerin gwano. Kara ba ya samuwa sai bayan girbi, don haka ko kayan wasan ma kaka ce ke bayar da su.

Da makarantar boko ta zo, sai ta ƙara wani lokacin a kan waɗannan: ƙarshen zangon karatu, ranar ba da kyaututtuka, ranar da iyaye da hakimai ke zuwa. Rupert East ya fitar da littafin gajerun wasanni shida na Hausa cikin shekarun 1930 don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna sannan yana malami a Bauchi cikin shekarun 1940, ya rubuta wasannin da ke sukar zalunci da ha'inci, ɗalibai suka yi su a gaban wasu daga cikin waɗanda ake sukar. Ko ya yi niyya ko bai yi ba, dabarar wasan gauta ce ya shigo da ita aji. Maitama Sule ma, lokacin yana koyarwa a Kano, ya tara matasa a kan wasan kwaikwayo, kuma ƙungiyar da ta ɗauki sunansa ta yaye 'yan wasan da daga baya aka san su a talabijin.

Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 unguwannin Kano sun cika da ƙungiyoyin dirama: Tumbin Giwa, Gyaranya, Jigon Hausa da sauransu. Membobinsu ma'aikata ne, da teloli, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, masu haɗuwa da yamma bayan aiki su yi gwaji, su tara kuɗin ƙungiya daga aljihunsu. Babbar kasuwarsu bukukuwan Sallah ce, lokacin da jama'a ke da sabon ɗinki da kuɗin kashewa da sha'awar fita. Yawanci ba a rubuta wasan kalma-kalma. A zauna a tsara labari, a raba fitowa, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, maganar kuma ta zo a kan dandamali. Wannan gadon tashe ne kai tsaye, kuma shi ya sa wasa ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu: ɗan wasa na jin inda aka yi dariya ya ƙara gishiri a nan, ya ji inda aka yi tsit ya gajarta.

A Nijar gwamnati ce ta shiga cikin kalandar da ƙarfinta. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan biranen jihohi shekara-shekara. Kafin a kai can sai an yi gasa tun daga unguwa da gunduma, don haka watanni kafin bikin gidajen matasa na cike da masu gwaji. Ƙungiyar Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta zama abin kwatance, har Janet Beik ta rubuta littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987. Tsarin ya ba ƙungiyoyi dandamali da 'yan kallo da ba su taɓa samu ba. Ya kuma zo da sharaɗinsa: jigogin da ake so su ne haɗin kan ƙasa, da illar ƙaura zuwa birni, da yaƙi da cin hanci. An yarda a yi wa ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi dariya, amma dariyar ta san iyakar hawanta.

A Zariya kuma malaman sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, sun bi wata hanyar. Sun fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka, suka zauna da manoma suka ji kukansu, suka mayar da shi wasa. Wasan Manoma da aka yi a yankin Soba a 1977 ya zo ne lokacin da gwamnatin soja ke shelar shirin ciyar da ƙasa, manoma kuwa na fama da samun taki. Daga baya masu wannan aiki suka gane cewa kai wa ƙauye wasa daga jami'a bai kai a yi shi tare da mutanen ƙauyen ba, a kuma lokacin da su suka saba taruwa, shi ya sa suka jingina aikinsu na ƙauyen Bomo da bikin kalankuwa. A ganina wannan shi ne darasi mafi girma da aikin Zariya ya bari, kuma shi ne aka fi saurin mantawa.

A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan ƙungiyoyi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har aka sami masana'antar da yau ake kira Kannywood. Babu mai musun ribar da aka ci: ɗan wasan da a da unguwarsu kaɗai ta san shi yanzu ana kallonsa a Agadas da Kumasi da Jidda. Amma fim ba shi da wata. Ana kallonsa kowace rana, a kowane gari, gaban wanda ya san wasa da wanda bai sani ba. Zolayar da tsakar gida ke haɗiyewa cikin dare ɗaya na azumi, idan aka naɗe ta sai ta zama hujjar da za a iya kaiwa gaban hukuma, kuma tun 2001 Kano ke da hukumar tace finafinai. Malamin da ke rawa a tashe kowa na yi masa dariya. A sa shi a fim a ga yadda za a kwashe.

Ƙungiyoyin da suka rage a kan daɓe, da yawansu sun koma jiran kwangilar ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati. Kalandarsu yanzu ta mai ba da kuɗi ce: zagayen rigakafin shan inna, ranar yaƙi da cutar ƙanjamau ta 1 ga Disamba, wayar da kai kafin zaɓe. Aikin na da amfani, yana kuma ciyar da iyali. Sai dai wasan da aka san ƙarshensa tun kafin a fara, wanda dole mai taurin kai ya tuba a fitowa ta ƙarshe ya yarda da saƙon da aka biya a isar, ba ya riƙe ɗan kallo kamar kotun kalankuwa, inda ba a san wa alƙali zai ci tara ba. Jama'a na taruwa, su saurara, su karɓi abin da aka raba, su watse.

Tashen ma yana cikin matsi. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da dakatar da shi, saboda ɓata-gari na fakewa da shi su yi faɗan daba da ƙwacen waya. Matsalar gaskiya ce, wanda aka tare da wuƙa a lungu ba zai ji daɗin bayanin al'ada ba. Amma dakatarwar na faɗawa ne kan 'yan shekara goma masu gemun auduga, alhali masu wuƙar ba su taɓa jiran azumi ba. Akwai abin da ya fi hani sauƙi: masu unguwanni da 'yan sintiri su tsayar da lokaci, daga shan ruwa zuwa ƙarfe tara ko goma, kowace ƙungiya ta tsaya a unguwarsu inda aka san iyayen kowa, makarantun firamare da na Islamiyya kuma su ware yammaci ɗaya a goman tsakiya a yi gasa a filin makaranta, tsofaffin 'yan diramar unguwa su zauna a matsayin alƙalai.